Motar da Ta Ba da Shaida a Goronyo

"Ku sake shi!"

Sufeto Jelani ya kutsa cikin taron 'yan albasa, ya fizge Halliru direba daga hannunsu. Rigarsa a yage, leɓensa na jini.

Alhaji Maccido, maigidan Halliru, yana huci. "Injin ban-ruwana anka ɗauke jiya, muna masallacin Juma'a. Albasata na ƙuna. Kaka mai hura ta ga farar motata ga bakin gona. Wa ka tuƙa ta in ba shi ba?"

"Baba Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina cin tuwonka," Halliru ya ce. "Tun Alhamis motar tana garejin Mode. Ni Wurno niy yi Juma'a."

Sufeto ya sa su a mota, sai gareji.

Mode bakanike ya fito yana goge hannu da tsumma. "Ranka shi daɗe, motag ga ba ta motsa ba. Kaka ido ya tsuhwa. Wata hwarar mota dai Halliru ya aro."

"Mi kay yi mata?"

"Fitilar injin ta ka kamawa. Halliru na tahiya nic cire kan batir, nim maida, ta mutu."

"Makulli hwa?"

"Ga aljihuna yak kwana."

Jelani ya leƙa agogon tafiya. A mace yake. Mode ya yi murmushi: "Shekara ukku ke nan ba ya ƙirga."

Sufeto ya koma motarsa, ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana. A Sakkwato ya saye ta, kuɗinta bai kai na kwandon albasa ba, don ya gaji da kanikawa suna yi wa tsohuwar motarsa duba irin na boka. Ya soka ta ƙarƙashin sitiyarin motar Alhaji, ya murɗa makulli, ya buɗe wayarsa.

"Mode, agogo ya mutu, amma ƙwaƙwalwar injin na da nata lissahi. Ran da kac cire batir lissahin ya goge, ta hwara ƙirga daga hwarko. Alhaji, nisan gonakka?"

"Kilomita goma sha shidda."

Jelani ya juya musu wayar. Kilomita talatin da biyu: zuwa da dawowa.

Tsumman ya faɗi daga hannun Mode. Ya dubi ƙasa. "Injin yana Rabah, gidan ƙanena. Ban saida ba tukuna. Na san ran Juma'a ba kowa ga gonaki."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa masa ankwa, ya tura shi bayan mota.

Alhaji Maccido ya cire babbar rigarsa, ya yafa wa Halliru a gaban kowa.

"Ɗana, ka yahe mini."

Halliru ya durƙusa, ya kama hannun Sufeto da hannu biyu. "Allah shi suturta ka yadda kas suturta ni. Da yau ɗiyana sun kwana ɗiyan ɓarawo."

"Tashi, malam. Ku ɗauko injin kahin la'asar, albasa ba ta jira."

Bai rufe baki ba wani babur ya ci burki a ƙofar garejin. Mutumin da ya sauko babu wanda ya san shi, wandonsa jiƙe sharkaf, warin kifi na binsa.

"Wane na Sufeto? Ruwan dam ya ja baya, ga rufin wata mota ya hito. Kuma da mutum ciki."