Abin da Dilawar Ya Zuba a Rariya

Rana ta riga ta faɗa bayan rufin masana'antun Korangi a birnin Karachi sa'ad da Dilawar ya turo babur ɗinsa cikin gida, igiya naɗe a kafaɗa, jarka ɗaure a baya. Iskar teku ta ɗauke ɗif a yammacin nan. Hankaki sun gama hayaniyarsu sun yi shiru, ladan yana gyaran murya a lasifika, ƙamshin albasar da matarsa Shagufta ke soyawa ya cika tsakar gida. Wansa Sarwar na zaune bakin gadon igiya yana jan carbi, ya bi jarkar da kallo kamar an shigo masa da mushen kare.

"Yau ma da wannan tsiyar ka yi aiki?"

"Da ita na yi, Bhai. Gobe ma da ita zan yi. Kai ka riƙe khal ɗinka ka jiƙa ɗanyen mangwaro, abin da ya iya ke nan."

Rigimar ba ta yau ba ce. Su biyun a hannun ubansu suka koyi wankin gilashi, tun yana bin shagunan unguwar Saddar da tsani a ka, har zamani ya kai su ga lilo a jikin igiya a dogayen benayen bakin teku. Haɗin tsohon guda ne har ya koma ga Allah: ruwa mai daɗi, ruwan khal mai tsamin nan na girki, da ɗigon sabulu. To amma gilashin Karachi ba ya jin lallashi. Iskar teku ta shafa masa gishiri, ruwan tanka ya bar masa farin tabo, mutum ya yi ta gurza har kafaɗarsa ta ƙage, sannan wani manaja mai tumbi ya leƙo daga cikin sanyi ya nuna masa ɗigo ɗaya da yatsa. Dilawar ya gaji da wannan wulaƙanci. Ya je wurin masu sayar da sinadari ya sayo asid, irin wanda in ka zuba murfi guda a bokiti, tabon da ya shekara yake narkewa kafin ka ɗaga robar gogewa. Sarwar ya ce shi ba zai rataya kusa da bokitin da ke cin safar hannu ba. Suka raba aiki. Abinci dai a tire ɗaya suke ci, ba mai kallon wani.

Masu gadin benaye ba sa barin a zubar da ragowar asid ɗin a harabarsu, don yana cinye musu daɓen marmara. Da a kwatar layi Dilawar ke juye ta, sai maƙwabci ya yi masa tijara a kan warin. Shi ya sa a ranar ya kwance jarkar ya nufi ƙarƙashin matattakala, inda wata tsohuwar rariya take cikin duhu, wadda tun zamanin ubansu a nan ake zubar da ragowar ruwan aiki.

Shagufta ta leƙo da ludayi a hannu. "Baban Mehwish, magariba ce fa. Ka bari a idar da salla. Ko ka yi bisimilla mana."

"Rariya zan yi wa bisimilla? Koma kan albasarki, tana ƙonewa."

Ya juye jarkar tas. Ruwan ya yi ƙara kamar an tsoma garwashi, wani farin hayaƙi ya taso ya shaƙe masa maƙogwaro. Daga nan sai shiru. A cikin shirun ne, can ƙasa, wani abu ya tsala ƙara siririya, doguwa, wadda ta katse a tsakiya kamar an toshe baki da hannu.

Carbin Sarwar ya tsaya.

"Kyanwa ce," in ji Dilawar. Ba wanda ya tambaye shi.

Dutsen farko ya faɗo suna tsakiyar cin abinci, ya dira cikin kwanon miyar wake. Ɗan ƙarami ne, jiƙe sharkaf, da zafi kamar an tsamo shi daga tukunya. Dilawar ya haura saman rufi da sanda, ya zage 'ya'yan maƙwabta da iyayensu da kakanninsu, ya sauko yana huci. Bai ga kowa ba. Washegari da rana ta faɗi duwatsun suka dawo, jibi ma haka, kuma ba ta kan katanga suke zuwa ba. Daga ƙarƙashin matattakala suke fitowa, su bi iska a hankali, su nemi inda yake.

Sai murya ta biyo baya. Da an kira salla sai a ji mace tana rarrashi, ƙasa-ƙasa, irin rarrashin uwar da ta san ba zai yi amfani ba. Ta daɗe tana yi, sannan muryar ta juye ta koma tsinuwa da wani harshe da ba mai jin sa a gidan, ban da suna guda da ke fitowa tar a cikinsa. Sunan Dilawar.

Ya ce bututu ne ya toshe. Ya ci gaba da fita aiki da asid ɗinsa.

'Yarsu ɗaya ce shi da Shagufta, Mehwish, yarinya mai surutu da ba ta daɗe da shiga sakandare ba. Ita ce kaɗai a duniya ke iya ce wa Dilawar ya yi shiru ya yi. Wata magariba Shagufta ta same ta durƙushe a bakin famfo tana wanke fuska. Ta wanke, ta sake wankewa, ta kuma wankewa, har fatar ta yi ja. Da uwar ta ɗago ta, sai ta ga baƙin idon yarinyar ya fara dusashewa, wani fari-fari kamar madara yana rufe shi daga gefe.

"Ammi, wa ya kashe wuta?" in ji Mehwish. Wuta kuwa tana nan a kunne.

Suka kai ta asibitin ido. Likita ya haska, ya auna, ya ce shi bai ga ciwon komai ba. Kafin mako ya zagayo, idanun duka biyu sun rufe. Da rana tana zaune shiru a kan gado tana lalube. Da yamma ta miƙe tsam ba mai ja mata gora, ta tafi bakin matattakala ta tsuguna, ta juyo da fararen idanun nan daidai inda ubanta yake, ko ina ya koma.

Mutum irin Dilawar in tsoro ya kama shi, faɗa yake nema. Ya shaƙi wuyan rigar wansa a tsakar gida.

"Kai ne! Ka ga na fi ka samun aiki, ka je ka yi mini asiri a kan 'yata!"

Sarwar ya ɓamɓare hannun a hankali. "Da asiri zan yi, a bakinka zan fara, ko unguwa ta huta. Jaki kawai. Yarinya na makancewa kana neman abokin dambe." Ya zura takalmi ya fice. Bai dawo ba sai bayan la'asar, tare da Hafiz Inayat.

Hafizin tsoho ne ɗan siriri, gemunsa ja da lalle, yana da tarin da ba ya rabuwa da shi. Bai gaisa da kowa da tsawo ba. Ya tsaya ya shinshina tsakar gidan, ya dubi matattakala, ya dubi jarkar da ke jingine da bango.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne, Hafiz Sahib. Kayan sana'a ne."

"Fitar da shi waje. Kai kuma ka zauna can, ka kama bakinka."

Aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Mehwish, uwar ta riƙe ta ta baya. Hafiz ya fara karatu, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Inuwar katanga ta yi ta miƙewa har ta rufe tsakar gidan. Ya yi nisa cikin surar kafin yarinyar ta sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, ta buɗe baki wata murya ta fito, muryar babbar mace, a dishe saboda kuka.

"Ya isa, tsoho. Ƙona ni kake yi, an riga ka."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan nan. Ina nan tun wurin yana fadamar gishiri, kafin uban waɗannan ya aza bulo."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka yin kalmar shahada."

"To me yarinya ta yi miki?"

Fararen idanun suka juya kan Dilawar. "Tambayi wancan. Ubansu mutum ne. Kullum magariba sai ya yi mana sallama, sannan ya zuba ragowar ruwansa, mai ɗan tsami, mai ƙamshin sabulu. Da shi nake wanke wa 'yata fuska. Ku da sauri kuke tsufa, ita har yau tatata take koyo. Bayan ya mutu babban ya ci gaba da sallama, ƙaramin ya daina, ban ce komai ba, ruwa dai yana zuwa. Ran nan na ji an zubo a lokacin da aka saba. Na tara hannu biyu. Na shafa mata." Muryar ta karye, sannan ta dawo da kaifi. "Da hannuna na shafa mata!"

Sarwar ya dafe kai. "Abba ya ce mu riƙa sallama a wurin. Bai taɓa faɗin dalili ba."

"Ban sani ba," in ji Dilawar, ya miƙe. "Ina zan sani? Kin kafa allo ne kin rubuta akwai mutane a rariya?"

"Matarka ta ce ka yi bisimilla. Da ka yi, da mun kauce."

"Zauna!" Hafiz ya daka masa tsawa, sannan ya juya ga yarinyar. "Kuskure ya yi, ba ganganci ba. Kuma kin sani a addininmu ba a kama wani da laifin wani."

"Tawa laifin wa ta ɗauka?"

Hafiz ya yi tari, ya shafa gemu. Dilawar ya ga tsohon ya rasa ta cewa, sai bakinsa ya ɓalle da ciniki kamar yana kasuwa. Zai yanka baƙin bunsuru. Zai yanka biyu. Zai bar mata gidan kacokan su koma haya.

"Bunsuru zai buɗe mata ido?"

"To ɗauki nawa! Ga su nan, ƙwaƙule, ki sakar mini yarinya!"

"In yi me da su? Kai ma ba abin da ka taɓa gani da su."

Hafiz ya ɗaga hannu. "In na ci gaba da karatu za ki ƙone, ke ma kin sani. In kin ƙone wa zai riƙe miki 'yar? Bar zancen ramuwa. Ciwon nata, ana wanke shi?"

Muryar ta yi ƙasa sosai.

"Ba ta yarda in taɓa ta. Da ta ji hannuna sai ta ƙwalla ƙara ta shige lungu. Fuskar tana ruɓewa ina kallo."

"Zan ba da ruwan furen wardi da na yi wa tofi. In ana wankewa kullum, da yardar Allah zai warke. Sai dai a sami mai wankewa."

"Shi zai wanke." Yatsan Mehwish ya miƙe ya nuna ubanta. "Na sha jin ana cewa ya iya goge gilashi bai karce ba. Ya zo mu gani. Kowace magariba, da hannunsa, ba safa. Zan fita daga jikin 'yarsa yanzu, amma idonta yana wurina. Abin da tawa ta gani, shi tasa za ta gani. In ya makara rana ɗaya, in ya ɗaga mata murya, in wancan ruwan ya sake ƙetare ƙofar nan, na dawo, kuma ba tsohon da zai fitar da ni."

"Ka ji," in ji Hafiz. "Ka yarda?"

Dilawar ya buɗe baki. Ya san abin da sharaɗin yake nufi: saukowa daga igiya tun la'asar, komawa ga khal da gurza, da dariyar Sarwar har ƙarshen rayuwa. Ya dubi fuskar 'yarsa.

"Na yarda."

"Ki yi rantsuwa ki fita."

Ta rantse. Mehwish ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a ƙirjin uwarta tana numfashi. Idanun suna nan fari fat. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya.

Hafiz ya tsiyaya ruwan fure a kwano, ya tofa, ya miƙa wa Dilawar tare da ƙyalle mai laushi. "Tashi. Ana jiran ka."

Ya tafi bakin matattakala ya durƙusa. Mutumin da ke lilo a saman bene mai hawa ashirin yana waƙa, ga shi yau yana tsoron wata rariya a cikin gidansa. Ya yi sallama har sau biyu. Ya jiƙa ƙyallen ya miƙa hannu cikin duhu har gwiwar hannu, har kafaɗa. Ba komai sai sanyin siminti. Wata ashar ta taso masa har kan harshe, ya haɗiye ta.

Sai wasu 'yan yatsu ƙanana, masu zafi kamar na mai zazzaɓi, suka kama masa wuyan hannu. A ƙarƙashin ƙyallen ya ji kumatu, ɗan ƙarami, a kumbure, yana janyewa baya.

"Tsaya mana," in ji Dilawar, da wata murya da ba wanda ya taɓa jin yana da ita. "Tsaya, 'yata. A hankali zan yi."

Ya fara gogewa.