Sau Biyu Kawai a Wata

Ranar da Paloma Archuleta ta fara ganin Leandro Tafoya, yana tsaye ne a gaban na'urar ɗumama abinci ta ofishinmu. Ya tare ta da faɗin bayansa, idonsa a kan waya. Buritonsa, naɗin gurasa da wake da nama, ya yi zafi tuni, na'urar tana ta ƙara, shi ko a jikinsa.

"Bawan Allah," in ji ta, "ka gama ne, ko haya ka kama a nan?"

"Minti shida," ya ce, bai ko ɗago ba.

"Abincin ne sai ya ƙara minti shida?"

"Kasuwa. Ƙarfe goma ake rufe canji."

Sai da ya danna abin da zai danna sannan ya juyo. Ya ga sabuwar ma'aikaciyar sashen taswira riƙe da kwanon miyar koren barkono, tana yi masa kallon da ake yi wa motar da ta mace a tsakiyar titi. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ji kansa yana tambaya, "Ke a ina kika zuba naki, G ko C?"

Ta ture shi gefe ta saka miyarta.

Teburina yana daura da nasa, don haka na san ciwonsa. Kowannenmu ma'aikatan gwamnatin tarayya yana da asusun ajiyar ritaya. A ciki akwai G, wanda ba ya faɗuwa amma hawansa tafiyar kunkuru ce. Akwai C, hannun jarin manyan kamfanoni, mai hawa da gangara. Wanda yake so canjinsa ya shiga a ranar sai ya danna kafin sha biyun Washington, wato goman safiyarmu a nan Albuquerque. Sau biyu aka yarda a wata. Bayan nan, gudu zuwa G kaɗai ke buɗe, fita kuwa sai wata ya mutu.

Yawancinmu mun zaɓa sau ɗaya mun manta. Leandro kuwa, a shekara talatin da ɗaya, ya yi imanin yana jin saukar kasuwa a jikinsa kamar yadda tsoho ke jin hadari a gwiwa.

Yadda aka yi ta so shi, har yau ina mamaki. Amma yaron yana da kirki. Da tayar motarta ta yi faci a ranar dusar ƙanƙara, shi ya durƙusa ya canja, hannunsa ya yi jawur don sanyi. Daga nan saƙonni suka fara.

"Hasken idona, kin tashi lafiya? Kasuwar Japan ta faɗi da asuba, amma da na tuna murmushinki sai na ji komai zai daidaita."

"Boka, ka tashi lafiya. Ka sake haɗa ni da Japan a saƙo ɗaya, ka ga abin da zai faru."

Boka take ce masa, kuma yana amsawa.

Ya kai ta kallon bikin manyan balan-balan masu tashi sama da mutane a watan Oktoba. Suna zaune a bayan motarsa da kofin cakulan mai zafi, sama ta cika da launuka, ya riƙe hannunta ya ce, "Palo, ina so in tsufa tare da ke." Ta ji zuciyarta ta narke. Ta juyo za ta amsa, sai ta ga ɗaya hannun nasa yana lalubar aljihu.

"Wallahi in ka fito da wayar nan, a ƙafa za ka koma gida."

"Motata ce fa."

"Makullin yana hannuna."

Bayan Kirsimeti ya je gaishe da iyayenta a garin Belen. Don Eusebio, mahaifinta, ya shekara talatin da shida yana rabon wasiƙu, kuma yanzu da sanda yake tafiya. Aka zuba wa Leandro posole, miyar masara da nama, ya ci ya ƙara. Komai yana tafiya daidai, har tsohon ya tambaye shi aikinsa. Leandro ya yi minti biyu a kan taswira, ya yi ashirin a kan yadda ya kauce wa faɗuwar kasuwa ta bazara.

Paloma tana ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya zaci so ne.

Da aka gama cin abinci, Don Eusebio ya miƙe. Ya raka shi har mota, ya ɗauko ƙatuwar kabewa daga ɗakin ajiya, ya ɗora masa a kujerar gaba. Duk ɗan garin nan ya san abin da kakanninmu suke nufi in sun ba mai neman aure kabewa. Leandro dai godiya ya yi.

"Hana ka ya yi, sakarai!" in ji Paloma a waya. "Kai kaɗai ne a jihar nan ba ka gane ba."

Sannan ta ba shi labarin. Lokacin babbar faɗuwar kasuwa, tana 'yar makaranta, wani abokin aikin babanta ya tsorata shi, ya kwashe komai ya kai G a daidai lokacin da kasuwa ta kai ƙasa. Kasuwa ta tashi ta bar shi. Sai da ya ƙara shekara biyar yana jan jakar wasiƙu, kuma a shekarun nan ne gwiwoyinsa suka tafi.

"Cewa ya yi mutumin da ba ya iya barin abu ya zauna, ba zai iya zaman aure ba. Kuma Rudy Maestas ya kawo masa itacen hunturu mota guda, ya jera masa da kansa."

Rudy ɗan kwana-kwana ne, ɗan aminin tsohon, kuma bai taɓa sanin lambar sirrin asusunsa ba. A wajen Don Eusebio, wannan kaɗai ta isa shaida cewa shi ne mijin da ya dace da Paloma.

Paloma ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina zuwa cin abincin Lahadi har sau uku. Daga ƙarshe uwarta, Doña Rufina, ta sa baki, tsohon ya sauko da sharaɗi guda. Leandro ya bar kuɗinsa a C, kada ya taɓa har Lahadin Ista. Ranar zai buɗe shafin asusun a gabansa. In yana nan inda ya bar shi, a sa rana.

"Wata uku da 'yan kwanaki ne kawai," in ji Paloma. "Za ka iya, zumana?"

"Don ke? Ko shekara uku."

Ya iya Janairu. Ya iya Fabrairu, da taimakon cingam. Maris ya zo ya wuce, yana saka wayarsa a aljihun teburina kowace safiya sai goma ta gota.

Ranar Alhamis ta farkon Afrilu kasuwa ta rufta. Ofis ya yi tsit, har waɗanda ba sa dubawa suka duba. Da goma saura kwata ya zo ya tsaya a kaina.

"Ba ni wayar."

"Saura kwana goma sha bakwai, Leandro."

"Dubawa kawai zan yi."

Ya duba, ya kwashe komai ya kai G. Washegari kunya ta kama shi, ya mayar C, yana cewa ai kamar bai taɓa ba. Talata aka sake gangarawa, ya sake gudu G. Laraba da rana kasuwa ta yi tsallen da ban taɓa ganin irinsa ba tunda na fara aiki. Alhamis ya zo tun bakwai zai koma C, shafin ya ƙi. Ya cinye biyunsa na wata. Mutumin da ya koya wa rabin ofis wannan doka, shi ya manta da ita.

Ya kifa kai a kan tebur. Ista ashirin ga wata, ƙofa kuma ba za ta buɗe ba sai ɗaya ga Mayu.

Kwana tara yana ɓuya. In ta shigo ɗakin cin abinci, sai ya fita ta ɗaya ƙofar. Saƙonta ya zo:

"Boka, me na yi maka? Jiya ka gan ni ka shige ɗakin injin kwafi. Babu abin da kake kwafa, na leƙa."

"Aiki ne ya yi yawa, Palo."

"Ofis ɗaya muke. Na san aikinka. In ka fasa ne, ka faɗa min da bakinka, kada in sa Mama ta yi ta dafe-dafe a banza."

Ranar Asabar, ana gobe Ista, ya tuka har Belen. Ya tarar da motar Rudy a ƙofar gida, ya kusa juyawa, sai ya ga gyaran magudanar rufi kawai ya kawo shi. Paloma tana bayan gida tana gasa barkono. Ya tsaya nesa da ita kaɗan ya faɗa mata komai, da ranakun, ɗaya bayan ɗaya.

Ta daɗe tana juya barkonon.

"Sau uku," ta ce.

"Na biyun komawa na yi."

"Kada ka yi min lissafi, Leandro! Kwana tara ina zaton wata ka samu. Na yi ta duba kaina a madubi. Ashe da harafin G kake cin amanata."

"Palo..."

"Tsaya. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da shafin ya bar ka ka koma ranar Alhamis, Baba shafin farko kawai zai duba, ba zai san komai ba. Da za ka faɗa min?"

Na sha juya wannan tambaya a raina. Gaskiyar da aka faɗa don an rasa hanyar ɓoyewa, nawa ne kuɗinta? Kuma ga ƙarya mai sauƙi a gabansa, wadda babu mai iya kama shi da ita har abada, don ba wanda ya san abin da bai faru ba.

"A'a," ya ce. "Da ban faɗa ba. Da na zauna gobe na ci abincin Mama, na karɓi albarkar Baba, na yi shiru."

Ta ajiye abin juya barkonon. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kai dai kana ba ni haushi, Allah ya sani. Je ka maimaita wa Baba haka, kalma da kalma. Yana kicin."

Don Eusebio ya saurare shi har ƙarshe, hannu biyu a kan sanda.

"To me ka zo yi?" ya ce. "Sharaɗi ɗaya na ba ka. Guda ɗaya! Yaron goye ma..."

"Eusebio," in ji Doña Rufina. Tana murza ƙullin biskit, ba ta juyo ba. "Kai da ka kai namu G, bayan kwana nawa ka faɗa min?"

"Rufina, ba maganar da ake yi ba ke nan."

"Shekara biyu da wata huɗu. Kuma ba faɗa min ka yi ba, takardar na tsinta a cikin akwatin kayan gyaran motarka. Na tambaye ka, ka ce kuskuren na'ura ne." Ta yayyafa kirfa a kan ƙullin. "Wannan kwana tara ya yi. An ba shi hanyar ƙarya a faranti, ya ƙi ɗauka. Ni na ji da kunnena ta taga. Ban ce yana da hankali ba. Amma na zauna da mai ɓoyewa, na san bambancin."

Tsohon ya kalli gwiwoyinsa, ya kalli matarsa, sannan ya kalli yaron da ke tsaye kamar wanda ruwa ya daka.

"Da kasuwar ta rufta, me ka ji?" ya tambaya a hankali.

"Kamar ana zare min ƙasa, Don Eusebio. Na ga kaina tsoho, ba ni da abin da zan riƙe ta da shi."

"Haka yake," in ji tsohon. "Haka yake dai." Ya ja dogon numfashi. "Zauna. Tsayuwarka tana sa min ciwon wuya."

Ɗaya ga Mayu, Paloma ta jawo kujera ta zauna kusa da shi a ofis. Ya zuba komai a asusun da ke daidaita kansa bisa shekarar ritayar mutum, tana kallo. Hawan da ya wuce shi ya wuce, ba ya dawowa. Ya fara cewa, "Amma da a ce mun jira zuwa..." Ta dube shi. Ya danna.

Ba zan ce ya warke ba. Har yanzu in labarai suka yi zafi, ƙafarsa tana kaɗawa a ƙarƙashin tebur har nawa ya girgiza.

An ɗaura auren a watan Satumba a cocin Belen. Rudy ne ya jera kujerun zauren biki, kuma ya fi kowa rawa. Da aka gama zagayen amarya da ango, suka durƙusa a gaban iyaye don karɓar albarka. Doña Rufina ta yi wa 'yarta alamar gicciye a goshi tana hawaye. Don Eusebio ya miƙa wa wani sandarsa, ya dafa kan Leandro da hannu biyu.

"Ɗana, ka saurare ni. Za ka sake jin tsoron nan. Ba a kan kuɗi kaɗai ba, a kan yara, a kan ciwo, a kan abin da ban ma sani ba. Ranar da ka ji shi, kada ka yi komai kai kaɗai. Ka faɗa mata. In tana fushi da kai, ka kira ni. Ba na zuwa ko'ina, ina gida."

"In tana fushi da mu duka biyun fa, Baba?"

"To sai mu zauna tare mu jira," in ji tsohon.

Paloma ta rufe fuska da furanninta, kafaɗunta suna girgiza. Dariya take ko kuka, ita ma ba ta sani ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kai su tsufa hannu cikin hannu. Ita kuma, ya ƙara mata haƙuri, don za ta buƙace shi.