Tsingaro daga Kan Dutse

Ramalan direba ya kai baƙi tsohon garin kan dutse, can bayan garin Sindou, inda rumbunan laka ke manne da kogo. Suna ta ɗaukar hoto, shi kuwa ransa a ɓace. Kufan wasu ake tasowa daga Turai a gani, gidan ubansa a unguwar Zongo ta Wagadugu kuwa katafila ta share, ko tubali ba a bari ba. Da za su sauko, ya tsinci tsingaron tulu ya jefa aljihu.

Ran da ya dawo Wagadugu, bayan magariba, ya ratsa ta filin gidansu na da. Sai ya ji warin kashin jemage, irin na kogon nan. Ga wata tsohuwa tsaye daidai gurbin zaurensu da tulu a ka, ruwa na zubo mata a kafaɗa, amma ƙasa a bushe.

"Sannu, Iya. Wa kike nema?"

"Kai," in ji ta, murya kamar daga rijiya. "Kai da ka san zafin rusau, kai ma sai ka ɗiba?"

Fitilar wani babur ta haske tulun. Gefensa a ɓare yake, kuma Ramalan ya gane ɓarin, don yana cikin aljihunsa, jiƙe sharkaf.