Turaku Huɗu a Fako

Ku matso kusa. Ke Hajo, bar taunar rogon nan, ba na son ƙara. Labarin Kawu Nomau ne, wanda kuke tsokana don ba ya dariya. Da kun san dalili, da kun ƙyale bawan Allah.

Shekarar da ciwon ciki ya kwantar da matarsa Tasalla, ya ɗora ta a amalanken jaki zai kai ta asibitin birni, tafiyar kwana biyu. Su biyu kaɗai. Rana tsaka suka kai wani fako, ƙasa kamar dutse, ba bishiya ko ɗaya. Tasalla ta ce ya tsaya, jijjigar ta ishe ta.

Ya sauke tamfol zai kafa mata tanti. Turakun da ya taho da su na darbejiya ne, ɗanyu, a gaggauce ya sare su. Ya buga na farko, ya tsage. Na biyu ya karye. Ya zaro guntun rodi, shi ma ya lanƙwashe. Iska na fizgar tamfol, rana na gasa matar. Kawu ya zauna ya fashe da kuka, ya ce da zai sami abin da zai riƙe gam, ko daga hannun wa ya fito, zai karɓa.

Bai rufe baki ba ya ga wani dattijo tsaye a kansa. Ba sallama. Kawu ya dubi ƙafafunsa. Ƙasar da ta lanƙwasa rodi, sawun mutumin nutsewa yake a cikinta kamar a laka.

Dattijon ya fito da turaku huɗu, baƙaƙe, masu sanyi. Kawu ya san itace, amma wannan ba kirya ba ne, ba marke ba. Da babban yatsa mutumin ya danna su ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

"Abin da ke cikin tantin nan ba ya zuwa ko'ina," in ji shi. "Sai wanda ya roƙa ya tuge da hannunsa."

Kafin Kawu ya gama ɗaure igiya, babu kowa a fakon.

Tanti ya tsaya cak. Kawu ya yi murna. Washegari ya zo ɗaukar Tasalla su ci gaba, ta ƙi ɗaguwa. Alhali mace ce da ta rame ta zama ƙashi da fata. Ya lura ƙudan da ya shiga tantin ba ya fita. Hayaƙin da ya turara mata ya tsaya a sama, ya ƙi watsewa. Ita kuwa ba ta warke ba, ba ta cika ba, ciwon kuma bai sassauta ba.

Ya gane. Ya gane, amma ya bar turakun a kafe har kwana shida. Ni dai ban ga laifinsa ba, shekara goma sha tara suna tare.

Ran na bakwai da hantsi ta kira shi.

"Malam, tun ranar Talata aka kira ni. Kai ka riƙe ni."

"In na tuge, tafiya za ki yi."

"Na gaji, Malam. Ka yafe mini, ka bar ni in tafi."

Uku ya tuge, suka fito salin-alin kamar daga rairayi. Na huɗun ya zauna a gabansa har la'asar. Ta roƙi ruwa, ya ba ta. Ta ce ya gaida mata yara. Ya juya mata baya don kada ya gani, ya kama turken, ya ja.

Shi kaɗai ya juyo da amalanke gida, tana lulluɓe a cikin tamfol ɗin.

Malamai sun faɗa masa ajali na Allah ne, ya ce ya sani. To ku ji ni. In tafiya ta bi da ku ta fako, ku sari busasshen kirya tun daga gida, ku tafi da abokin tafiya, kada kuma baƙin ciki ya sa ku yi roƙo a fili. Kawunku har yau ko akuya ba ya iya kwancewa daga turke. Sai ya tsaya ya jira wani ya zo.