Garar da Aka Ci a Layi

Ranar da Sadiya ta fara ganin Mahadi, tuwo ya riga ya ƙare. Shi ne na ƙarshe a layin 'yan gudun hijirar da ke cika harabar Islamiyyarsu a Gusau, riƙe da kwano biyu, nasa da na mahaifiyarsa. Wata uku ke nan motar gwamnati ba ta kawo ko tiya ba, matan makarantar ne ke harhaɗa abin da ya samu su ɗora tukunya saboda Allah.

Ta kankaro masa ƙanzo, ya juye duka a kwanon tsohuwa.

"Kai fa?"

"Na ƙoshi," in ji shi. Cikinsa ya ƙaryata shi da ƙarfi, har dariya ta kuɓuce mata.

Washegari ya dawo da gatari yana faskara musu itace. Ta sa masa suna Na-ƙoshi, shi kuma yana kiranta Uwar Ƙanzo.

Da maganar aure ta taso tsakaninsu, Inna Ladidi, mahaifiyarta, ta ce atafau. "Wanda 'yan bindiga sunka kora daga gonarsa a Tsafe, mi zai ba ki ki ci? Ga Alhaji Sabiru mai hatsi na Bungudu, ya ce in ya same ki tukunyarku ba ta sake hutawa."

Da maganar ta kai kunnen Mahadi, sai ya ɗauke ƙafa, ya turo saƙo: "Uwar Ƙanzo, ki auri Alhaji. Itace kawai gare ni, ba ya cika ciki. Mutanen layin nan sun fi ni buƙata."

Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta: "In don Allah zai bayar, ba sai an haɗa da ni ba. Ka dawo, Na-ƙoshina, itacenmu ya ƙare."

Ya dawo. Alhaji kuwa ko ƙwaya bai aiko ba.

Ganin 'yarta na ramewa, Inna ta haƙura. Aka sa rana, ta ƙuƙuta ta tara gara, shinkafa da masara da man gyaɗa, abin kai wa dangin ango don kada a raina amarya.

Saura sati biyu biki, tukunya ta kwana huɗu ba a ɗora ba. Aka binne yara biyu daga kangon da 'yan hijirar ke zaune. Sadiya ba ta yi shawara da kowa ba, ta lodi garar a baro sai Islamiyya.

"Kin tozarta ni!" in ji Inna. "Ba ni kai ɗiya gidan miji hannu banza. An fasa!"

Bayan kwana tara, Lantana, mahaifiyar Mahadi, ta yi sallama ta zauna a bakin tabarma.

"Hajiya, gara ba ta dangin ango ba ce? To, mun ci. Ni da kaina na bi layi kwana tara da kwanona. Ta iso gare mu, Allah shi yi albarka."

Inna ta rufe fuska da mayafi.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, aka raba dabino kawai. Washegari amarya ta iso Islamiyya da lalle a hannu, ango na biye da gatarinsa. Layi ya kai bakin titi, tukunya kuwa ruwa ne zalla.

"Mi za mu dafa?" ya tambaya a hankali.

"Ban sani ba, Na-ƙoshi."

Tsofaffin da ke layi suka ɗaga kwanoninsu ba komai a ciki, suna ta cewa, "Allah shi ba da zaman lafiya, Allah shi ciyar da ku."

Sadiya ta ce amin, ta durƙusa ta hura wuta.