Ƙarfen da ke Bayan Dogo

Duk lokacin da Auta ta sake kunna gwajin, a wuri ɗaya ƙarfen yake karyewa.

Rana tsaka ce, amma ɗakin kwamfutocin ba shi da taga, sai sanyi da gurnanin injina. Aikinta ke nan: a kawo mata hoton ƙarfe, ta gina irinsa a kwamfuta, ta ɗora masa nauyi ta ga inda zai lanƙwashe. A kan allo ƙwayoyin ƙarfen sun jeru kamar haƙora. Sai layi ɗaya ya zame, ya ture na gabansa, aibin ya riƙa rarrafe kamar tsutsa a cikin nama...

Ƙas!

Ta zabura. Kwamfutar nan ba ta da lasifika, amma ta rantse ta ji.

Yayanta, likitan ƙashi, shi ya aiko hoton da safe: sandar ƙarfe a gadon bayan wani majiyyaci, babu suna. Yanzu ta ƙura wa ɗan lanƙwason da ke ƙasan sandar ido. Ta san shi. Dogo, saurayinta, ya taɓa nuna mata hoton nan yana dariya: "Kin gani, Injiniya? Har ƙarfena ya rusuna miki."

Dogon da ya daina ɗaga wayarta ana gab da turo magabatansa.

Ta kira yayan.

"Yaya, bayan wa ka aiko min?"

"Kin gane ke nan. Umma ta yi kuka, kin toshe kunne. Tunda na'ura kawai kike ji, ga shi ta gaya miki da bakinta. Wanda zai ƙare a keken guragu za ki aura?"

"Abin da ka gaya masa ke nan?"

"Shi ya fi ki hankali, Auta."

Ba ta yi kuka ba. Ba za ta ba shi wannan daɗin ba.

Da ta juyo, gwajin yana tafiya, ba ta kuma tuna ta taɓa komai ba. Sandar tana sunkuyawa a hankali, kamar mutum yana neman abin da ya faɗi. Ta zana wata sandar kusa da ita, ta raba musu nauyin. Aibin ya taso, ya rarrafa... ya tsaya.

Ta daɗe tana jiran ƙarar. Ba ta zo ba.

A makarantar da Dogo yake koyarwa ta same shi, an tashi, aji wayam. Yana zaune a sandare kamar gawa, alli yashe a gaban takalminsa. Tsoron sunkuyawa yake.

Ta duƙa ta ɗauka, ta buga masa a tebur.

"Matsoraci!"

"Injiniya..."

"Kar ka kira ni! Ni za ka guje wa saboda guntun ƙarfe? Ni da nake lanƙwasa su kullum?"

"Ina jin sa, masoyiya," ya ce a hankali. "Yau ma da rana na ji. Ƙas."

Ba ta sauke ido ba.

"Bai karye ba tukuna. A ƙara masa sanda ta biyu, zai riƙe. Na gwada."

"A sake buɗe ni? In ban tashi ba fa?"

"Sai in tura kekenka ina yi maka masifa har mu tsufa."

Ya yi dariya, hawaye na bin kuncinsa.

Sakamakon ta kai wa Yaya har ofis, ta ajiye a gabansa. "Kai ka ce na'ura ta yanke hukunci. Karanta sauran." Ya karanta, ya cire tabarau, ya kasa kallonta. Shi da hannunsa ya yi wa Dogo aikin. Umma kuwa sai da ta ga Dogo ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe da kansa, sannan ta sa albarka.

An ɗaura aure.

Har yau in ya juya baya yana ɓalle maɓallin riga, takan matso ta kara kunnenta a kan tabon.

"Me kika ji, amarya?"

"Shiru... Tsaya tukuna, kar ka motsa."