Ƙyallen da Ke Ƙarƙashin Kujera

"Ka biya?! Malam, ka biya ba ka faɗa mini ba?"

"Kafin alƙalami kawai na bayar, Autata. Sassauta murya mana, mutane na kallonmu."

"Su kalla! Ba ni da kai muka yi alkawarin tare za mu zaɓa ba?"

Dariya ya yi, irin dariyar nan tasa mai kashe mini jiki ko ina tsakiyar masifa. Malam nake ce wa mijina saboda koyarwa yake yi, kuma ko gishiri zai miƙo maka sai ya haɗa da bayani. Muna tsaye ne a filin da ake sayar da motoci na hannu, rana na dukan ƙeyata, cikina ɗan wata tara ya yi gaba kamar tulu.

Abin da muka tara ba wani mai yawa ba ne. Albashin malami ne da ɗan abin da keken ɗinkina ke kawowa. Kuma ba don gayu muke neman mota ba, don Umma ne.

Tun ranar da Yayana, ɗanta namiji tilo, ya fita da motarsa babbar mota ta bi ta kansa, Umma ba ta sake sa ƙafa a cikin mota ba. Duk inda ƙafarta ba za ta kai ta ba, ta haƙura da shi. A gidanmu ba a maganar motar nan. Abba ya sayar da abin da ya rage nata, aka kwashe hotunan da ta fito a ciki. Malam daga baya ya shigo rayuwata, bai san Yaya ba, balle motarsa.

Da cikina ya tsufa, likita ta ce jinina na hawa, dole a babban asibiti zan haihu, can ƙarshen gari. Ranar na yi kuka kamar raina zai fita, don ni ban taɓa yin ko zazzaɓi babu Umma a kaina ba. Sai ta tattaro kayanta ta dawo gidan aurena, ta zaunar da ni.

"Ce wa mijinki, in motarsa ce, kuma shi zai tuƙa da hannunsa, zan rufe ido in shiga."

Haka take yi. Yana zaune a gabanta za ta ce in ce masa. Kunyar suruki ba ta taɓa barin ta yi masa magana kai tsaye ba.

To, alkawarin nan ne ya kawo mu filin motoci.

Dillalin, wani mai faɗin baki da makullai a kowane yatsa, ya fara nuna mana wata baƙa mai sheƙi. Da ya faɗi kuɗinta sai tari ya sarƙe Malam, muka wuce ba ko waiwaye.

Ta biyun tana can lungu ƙarƙashin bishiya, ruwan toka, fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta loɓa. Bakaniken da Malam ya turo ya duba motocin ya ce injinta lafiya lau, ba ta shan mai, muninta ne kawai matsalarta.

"Wannan ai Kaka ce," in ji Malam. "In Umma ta gan ta, sai ta ƙara shekara goma ba ta shiga mota ba."

"Ni dai Kaka ta yi mini. Za ma a samu ragowar kuɗin magani."

"Tsaya ki ga tawa tukuna, farin cikina."

Ya kama hannuna ya ja ni gaban wata shuɗiya. Gaskiya ta yi kyau. Fenti sabo fil, gilasai na ɗaukar ido, an sa wa kujerun sabuwar riga. Kuɗinta kuma daidai da abin da ke hannunmu, kamar an leƙa aljihunmu kafin a yanka.

Nan na juya na kalli dillalin.

"Me ya sa take da araha haka?"

"Mai ita ne ya matsu, Hajiya," dillalin ya yi caraf. "Rabonku ne ya tsaga."

"Na so in ba ki mamaki ne," Malam ya faɗa a hankali. "So nake Umma ta ga abu mai kyau, hankalinta ya kwanta. Shiga mu ɗan zaga, in ba ta yi miki ba ki zage ni."

Yadda idonsa ke ƙyalli ya sa na kasa musa masa. Na shiga.

Cikina ya tokare gaban motar. Malam ya tayar da ita, ya fara silalawa wajen ƙofar fita, ni kuma na zura hannu ƙarƙashin kujera don in tura ta baya. Ban laluba ba. Hannuna kai tsaye ya tafi, kamar ya san hanya.

Maimakon ƙarfe, sai na ji ƙyalle.

Na ja. Kujerar ta zame baya da wata ƙara da na sani. Na sunkuya da ƙyar na leƙa.

Guntun atamfa ne kore mai ɗigon rawaya, ya yi dauɗa, an ɗaure shi a bakin ƙarfen da ƙulli mai kunne biyu irin na igiyar takalmi.

Ina nan ranar da aka ɗaura shi. Robar ƙarfen ce ta karye, ƙarfen ya yanki Umma a yatsa tana son tura kujera saboda ciwon gwiwarta. Yaya ya yage bakin tsohon zaninta ya naɗe wurin, yana tsokanarta wai ya yi wa motarsa ɗankwali.

Ai motar Yaya fara ce, na ce wa kaina. Fara ce, wannan shuɗiya. Zani iri ɗaya kuma ya cika duniya.

Mun riga mun hau titi. Malam na ta bayani.

"Kin ji injin? Ko ƙara babu. Birkin ma..."

Na sa farce na ɗaga robar da ke gefen ƙofa. A ƙarƙashinta, inda mai fenti bai kai ba, fari ne tas.

Daidai lokacin wata babbar mota ta taho ta bayanmu ta danna oda.

"Tsaya! Malam tsaya! Wayyo Allah, ka tsaya!"

Ya taka birki har muka yi gaba. Ban jira ya gama fakawa ba na ɓalle ƙofa na fito, na durƙushe a bakin titi.

"Auta! Naƙuda ce? Yi mini magana, don Allah!"

"Motar Yaya ce..."

"Wace mota?"

"Wannan! A cikinta ya mutu, Malam! A kujerar da ka zauna!"

Ya juya ya kalli motar, ya kalle ni. Na ga jini ya bar fuskarsa. Makullin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita na so in kai wa Umma ƙofar gida?"

Ban sake shiga ba, shi ma ban yarda ya sake zama a kujerar ba. A ƙafa muka koma, yana riƙe da ni, dillalin ya je da kansa ya jawo ta.

"An ɗan taɓa ta a gaba," ya faɗa yana sosa ƙeya, "amma wallahi an gyara tsaf, ko ku ba..."

"An ɗan taɓa ta?" Muryata ta fashe. "Yayana aka zaro daga cikinta!"

Makullan hannunsa suka daina kaɗawa. Ya yi salati, ya rantse bai san tarihinta ba, shi a gyare ya same ta. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma kuɗi, in ji shi, sun riga sun tafi hannun mai ita. Abin da zai iya kawai shi ne ya mayar mana da kafin alƙalamin kan wata motar a filin, shi ya ji da sauran.

Baƙar ta fi ƙarfinmu. Saura ɗaya.

Malam ya daɗe yana kallon lungun bishiyar nan. Na san yadda ya ci burin ranar da zai tsaya a ƙofar gida da abin da zai fitar da shi kunyar surukarsa. Tausayinsa ya kama ni har na manta da nawa tsoron na ɗan lokaci.

"Ka yi haƙuri, nawa."

"Ni zan ba ki haƙuri. Da na bari mun zaɓa tare..." Ya juya wajen dillalin. "A kawo takardun Kaka."

Kafin mu tafi na roƙe shi abu ɗaya. Ya durƙusa a ƙofar shuɗiyar motar, ya yi ta fama da ƙullin har da haƙori, ya kwance ƙyallen ya sa mini a tafin hannu. Ba zan iya barin zanin Umma a wurin ba.

"Kada ta sani," na ce. "In ta ji, ta gama shiga mota har abada."

"Ba daga bakina ba."

Kaka ta yi tari sau biyu kafin ta tashi. A hanya marata ta fara murɗawa, na ɗauka firgicin ne. Ta lafa, ta dawo, ta sake dawowa da ƙarfi har na cije leɓe. Muna tsayawa a ƙofar gida, ina sauke ƙafa, na ji ruwa mai ɗumi ya bi cinyoyina.

Faya ta fashe.

"Umma! Umma!" Malam ya manta da kunya ya kwasa cikin gida da gudu.

Ya dawo ya kwantar da ni a kujerar baya. Sai ga Umma ta fito da jakar haihuwa, mayafinta a karkace. Ta taho da sauri har bakin ƙofar motar, sai ta tsaya cak.

Jakar ta faɗi.

Ta miƙa hannu za ta taɓa ƙofar, ta janye kamar ta taɓa wuta.

"Umma ki shigo..."

"Auta, ba zan iya ba." Da ƙyar muryar ke fita. "Na ɗauka zan iya. Ce wa mijinki ku tafi, zan biyo ku a ƙafa."

"Kafin ki iso fa? Umma tsoro nake ji! Kaina sarawa yake, idona na ganin duhu-duhu... Kada ki bar ni in tafi ni kaɗai!"

Hawaye ya wanke mata fuska. Daga inda take tsaye ta sunkuyo ta kamo hannuna, ƙafafunta na waje. Wani ciwon ya taso, na damƙe ta da duk ƙarfina, na manta da abin da ke dunƙule a tafina.

Da ciwon ya lafa, ƙyallen na hannunta.

Ta warware shi a hankali. Ta juya shi. Ta shafa wurin da ƙullin ya bar shaida.

"A ina kika samo wannan?"

Malam ne ya durƙusa a gefenta, kansa a ƙasa.

"Umma, an gyara motar an canza mata fenti. Saura kaɗan in saya ban sani ba. Auta ce ta gane ta. Mun baro ta can."

Na rufe ido ina jiran ihu, ko ƙarar faɗuwarta. Na san shi ke nan, ni kaɗai zan tafi.

Sai na ji muryarta a hankali.

"Kin shiga cikinta?"

"Na shiga, Umma."

"Da cikin nan?"

"Eh."

"Kuma kika fito da ƙafarki."

Na buɗe ido. Ƙyallen take kallo, wani abu kamar murmushi na son fitowa.

"Sau nawa na ce masa ya cire tsumman nan, abin kunya ne a motar saurayi. Ya ce sai ranar da gwiwata ta warke." Ta share ido da bayan hannu. "Ashe bai cire ba."

Ta naɗe shi a yatsanta, wanda ƙarfen ya taɓa yanka. Ta ɗauki jakar ta jefa ciki. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta ɗago ƙafar mai ciwon ta sa a cikin Kaka, sannan ɗayar. Motar ta ɗan yi ƙasa da nauyinta. Ta ɗora kaina a cinyarta.

Malam ya rufe mana loɓaɓɓiyar ƙofar, sai da ya buga sau biyu ta kama. Ya zauna ya riƙe sitiyari, ya yi ta ƙoƙari amma makullin ya ƙi shiga raminsa.

"Ɗana."

Ya waiga waje yana neman wanda ake kira.

"Da kai nake," in ji Umma, tafinta a kan goshina. "Nutsu ka tuƙa mu. Ba zan rufe idon ba, ina taya ka kallon hanya."